Hannun da Na-gane Ya Ɓoye a Aljihu

Rigimar da aka fi tunawa tsakanin Na-gane da gwaggonsa a kan gwiwa aka yi ta. Lokacin bai yi aure ba, yana zaune a wani ɗan ɗaki bayan gidan burodin da yake aiki. Wata ranar hutu ya je gaishe ta, ya tarar tana shafa wa gwiwarta man zafi. Sai ya gyara zama ya ce ta daina wahalar da kanta, ai ya sa sunanta a inshorarsa. Ta tambaye shi mece ce kuma inshora. Ya ce abu ne na ma'aikata, ba sai ta sani ba, ita dai ta je asibitin da ake duba su ta faɗi sunansa, za a ba ta magani kyauta.

Gwaggo ta ɗaura zanen fita, ta ja ƙafa har asibitin, ta bi layi tun da hantsi har rana ta take. Da ta isa gaban tebur, ma'aikaciyar ta duba, ta sake dubawa, ta buga wa kamfanin inshorar waya, sannan ta rage murya ta ce, "Mama, sunanki yana nan, amma ba a ɓangaren magani ba. A inshorar rai ya sa ki. Wannan sai in ya rasu za a ba ki." Rage muryar bai hana na bayan layi ji ba.

Ba gida ta nufa ba. Gidan burodin ta wuce, ta same shi gaban inji, fulawa har gira, abokan aiki kewaye da shi.

"Sannu da aiki, ɗan albarka," in ji ta. "An ce gwiwata ba za ta warke ba sai ka mutu. To yaushe kake ganin za ka samu sarari?"

Dariyar da aka yi har mai gadi ya leƙo. Da Na-gane ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, da maganar ta mutu a nan. Amma kunya ta shaƙe shi, sai ta fito ta bakinsa a matsayin rashin kunya. Ya ce 'yan asibitin ne ba su san aikinsu ba, kuma ita Gwaggo ba ta yi boko ba, irin waɗannan abubuwa ba za ta gane su ba. Ta ce gaskiya ne boko ba ta yi ba, amma ta san bambancin gadon asibiti da makara. Daga ranar ta daina cin burodin da yake kai mata, sai dai ta miƙa wa 'ya'yan maƙwabta a gabansa, har sai da aurensa ya zo aka sasanta su.

Na-gane ba sunan yanka ba ne, halinsa ne ya raɗa masa. Ubansa ya rasu tun Na-gane yana ƙarami, Gwaggo kuwa yayar uban ce, ita ta ɗauke shi ta haɗa da nata. A makaranta in malam ya ce kun gane, muryarsa ke fara fita tun malam bai rufe baki ba. In aka aike shi, kafin a gama faɗin abin da za a sayo ya ce na gane, ya ruga, a ce allura ya dawo da zare. Ba wauta ba ce. Yaro ne da ya tashi a gidan da ba na ubansa ba, ya sa a ransa cewa tambaya kaya ce da ake ɗora wa mutane, shi kuwa ba ya son ya zama kaya. Haka in ba shi da lafiya. Ko zazzaɓi na kaɗa shi kamar ganye, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi.

Bakinsa ne ke wannan ƙarya, hannunsa bai taɓa yi ba. Ya shiga gidan burodi yana ɗaukar buhu, ya koma shafa wa gwangwanaye mai, har ya kai ga injin murza, wanda ke da ƙarafa biyu masu juyawa, ana tura kwaɓaɓɓiyar fulawa tsakaninsu tana fita ana sake turawa har ta yi laushi. Da tafin hannu yake sanin ko ruwa ya yi yawa, ko yis ya tsufa. In ya mari kwaɓi ya ji ƙarar, ya san ko ya isa yanka. Manaja kan ce in Na-gane ya yi tafiya, masu saye sukan sani a bakinsu.

Ranar da mutumin kamfanin inshora ya fara zuwa da jakarsa, ma'aikata a kan buhunan fulawa suka zauna. Mutumin ya yi ta zuba, inshorar lafiya, inshorar nakasa, inshorar rai, wanda zai amfana, abin da ba sa ɗauka. Duk idanu suna kan Na-gane, don shi ne ya ɗan taɓa karatu a cikinsu, shi kuwa yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da mutumin ya tambaya ko akwai mai tambaya, ya amsa wa kowa cewa an gane. Bayan an watse suka kewaye shi, ya ce musu abu ɗaya ne aka yi masa suna uku: ana cire maka kaɗan a albashi, in wani abu ya same ka su biya, shi ke nan. Ko abin da ya faru da gwiwar Gwaggo bai sa ya koma ya tambaya ba.

Ya yi aure, ya auri wata tela mai sanyin hali wadda Gwaggo ke kira Amarya har bayan ta haihu uku. Suka kama ɗaki biyu a wani gidan haya, keken ɗinki a bakin taga, igiyar shanya a tsakar gida. Rayuwa tana tafiya daidai gwargwado.

A gidan burodin akwai wata ɗabi'a. In kwaɓi ya manne a jikin ƙarfen inji, ba a kashe inji a goge. Sabon shiga ne ke yin haka, kuma dariya ake masa. Ƙwararre da gefen hannu yake sharewa injin na gudu. Na-gane ya yi haka sau ba adadi. Wata safiya injin ya karɓi hannun tare da kwaɓin.

An yi masa aiki a asibiti, inshorar lafiya ta biya, sai wani ɗan kaso da aka ce shi zai cika daga aljihunsa. Abin ya ba shi mamaki, amma ya ce ya gane. Da aka kwance bandeji, yatsu biyar suna nan cif, ba wanda ya ɓata. Sai dai uku daga ciki sun daina jin magana. Babban yatsa da manuni suna motsi, sauran sun sandare a lanƙwashe, ba sa rufewa, ba sa buɗewa. Kofi ba ya zama a hannun. Maɓallin riga kuwa ya zama dutse. Kowace safiya Amarya takan saki labule, ta tsaya gabansa ta sa masa maɓallai, ba ta kallon fuskarsa, shi ma yana kallon rufin ɗaki. Ba su taɓa yin maganar ba.

Yana jinya ana turo masa wani abu kowane wata daga inshorar nakasa. Ya ɗauka kyautatawar mai gidan burodi ce, har ya aika a yi masa godiya. Sai aka kira shi ya je likitan kamfanin inshorar ya duba hannun.

A nan ya yi kuskuren da ya kusa cinye shi. Shi a tunaninsa jarrabawa ce, irin wadda ake yi wa mai neman aiki, in ka nuna ƙarfi ka ci, in ka nuna rauni a kore ka. Ga kuma kalmar nan nakasa da ya ji ana ta maimaitawa. Duk lokacin da aka faɗe ta sai ya ga kansa zaune a bakin titi ana jefa masa abu a kwano, 'ya'yansa suna wucewa da abokansu. Ya sa rigarsa mafi kyau, Amarya ta sa maɓallai har wuya, ya fesa turare.

Likitan ya tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi sosai. Yana iya sa kaya da kansa? Ƙwarai kuwa. Yana jin zafi? Ɗan abin da ba a rasa ba. Likitan ya miƙa masa yatsu biyu ya ce ya matse. Na-gane ya ciji harshe, ya tara duk ƙarfin jikinsa a yatsu biyun da suka rage, ya matse har gumi ya keto masa a ƙeya, yana murmushi. Likitan ya ce jijiyoyin ba su gamsar da shi ba, ko akwai abin da yake kasa yi a gida? Na-gane ya ce babu ko ɗaya, shi aiki kawai yake marmari. Likita ba boka ba ne. Ya rubuta cewa hannu yana dawowa, mai shi zai iya komawa bakin aiki. Na-gane ya fito yana jin ya ci jarrabawa.

Wata na kamawa, abin da ake turo masa ya tsaya. Ya koma gaban inji, kwaɓi ya zame masa ya faɗi ƙasa. Ya ɗauki farantin gwangwanaye zai kai tanderu, farantin ya kife a gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan shirun ya fi dariya ciwo. Manaja ya ja shi gefe ya ce ba zai iya barinsa kusa da inji ba, kada ɗaya hannun ma ya tafi, ya je ya ƙara hutawa tukuna. Hutun da ba albashi. Inshora ta ce ya warke, gidan burodi ya ce bai warke ba, shi kuwa ya tsaya a tsakiya kamar wanda ya saki reshe ya kama ganye.

Bai faɗa wa kowa ba. Da safe a sa masa maɓallai, ya fita kamar mai zuwa aiki, ya je wata rumfar jiran mota can nesa da unguwarsu ya zauna, hannun dama a aljihu. In mota ta tsaya ya kau da kai. Amarya ta lura ya daina dawowa da ƙanshin burodi a jiki, sai kekenta ya ƙara daɗewa yana kuka, nama kuma ya ɓace daga miya.

Ana haka Gwaggo ta zo kwana biyu. Da yamma yana zaune a ƙofar ɗaki ta miƙo masa kofin shayi. Ya sa hannun hagu ya karɓa. Ba ta saki kofin ba.

"Yaushe ka fara karɓar abu a hannuna da hagu?"

Ya ce mantuwa ce. Ta ce to ya tuna. Ya ce hannun ne ke ɗan hutawa. Ta ce ita ta wanke wannan hannun tun yana kamar ludayi, ya fito da shi daga aljihu ta gani. Ya fito da shi a hankali kamar kayan sata. Ta ɗora kofin a tafin, ba ta saki ba, ta ga yatsun nan uku ko gezau. Ta ajiye shayin a ƙasa. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ba ta yi faɗa ba. Ta dai yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya, har ya amayar da komai, da likitan, da farantin, da rumfar jiran mota. Amarya tana bayan labule, keken ya yi shiru.

Gwaggo ta ce wato an kai shi gaban mai rabon ruwa, yana jin ƙishi, ya ce a ƙoshe yake. Ta ce gobe za su je ofishin inshorar, ita da gwiwarta.

Ofishin yana hawa na biyu, ta hau tana tsinewa wanda ya ƙirƙiro bene. Suka samu wata mata mai tabarau a bayan tebur, ta ba su kujeru ta fara bayani da sauri irin na wanda ya saba faɗin abu ɗaya kullum. Kan Na-gane ya fara gyaɗuwa da kansa. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce, "'Yar nan, tsaya. Ni ban gane ba. Koma baya, ki yi min kamar kina yi wa akuya."

Na-gane ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Akwai mutane a benci suna ji. Amma matar dariya ta yi, ta cire tabarau, ta ɗauko kofuna uku na ofis ta jera. Ta ce abin da ake cire masa kowane wata zubi ne, kuma gida uku yake shiga. Kofin farko na lafiya ne, asibiti yake biya, ba ya ba mutum komai a hannu, wani lokaci ma akwai kason da mai jinya ke cikawa. Na biyu na rai ne, ba a taɓa shi sai mai shi ya rasu, a ba wanda ya ambata. Gwaggo ta ce wannan ta san shi, sun taɓa gaisawa. Na uku na nakasa ne, shi ke tsaya wa mutum a madadin albashi in ciwo ya hana shi aiki.

Gwaggo ta tambaya ko sai mutum ya zama gurgu ko makaho. Matar ta ce a'a. A irin wadda gidan burodin ya yankar musu, ba a tambayar ko mutum na iya tafiya ko yana iya gaisawa, ana tambaya ne ko zai iya aikin da yake yi kafin ciwon. Akwai ta wucin gadi, wadda ake biya har a warke, ita aka yi ta turo masa. Akwai ta dindindin, in likita ya tabbatar abin ba zai dawo ba, ita ma akwai ta jiki duka, akwai ta wani sashe kamar hannu. Gwaggo ta ce a maimaita mata wannan na ƙarshen. Aka maimaita. Ta ce a sake. Aka sake. Gwaggo ko kunya ba ta ji ba, kamar mai taya tumatir a kasuwa.

Shi kuwa yana zaune yana jin kowace amsa tana faɗa masa a ciki kamar dutse a rijiya. Ashe ba sadaka ba ce, zubinsa ne. Ashe likitan ba korarsa ya zo yi ba. Shekara da shekaru yana biyan abin da bai san sunansa ba, kuma ya koya wa mutum goma sha jahilcinsa.

Matar ta ce yana da damar neman a sake duba shi, amma damar tana da wa'adi, kuma ya kusa cika. Watannin da suka wuce kuwa ba ta yi masa alkawarinsu ba, tunda da bakinsa ya ce ya warke. Ta mayar da tabarau ta dube shi. "Malam, ka gane?"

Kalmar tana kan harshensa, ta saba hanya. Ya dubi kofunan. Ya lura Gwaggo ba ta ko kallonsa, tana gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ban gane ba," ya ce, muryar kamar ba tasa ba. "Bayanin farko ma da aka zo gidan burodi aka yi mana, ban gane ba. Ki sake min na ukun."

Ta sake masa, ba ta ko ɗaga gira ba. Wannan ma ya ba shi kunya, ganin yadda abin da ya guje wa tun yana yaro bai fi haka ba.

Ranar komawa wurin likita, Amarya ta saki labule za ta sa masa maɓallai, Gwaggo ta ce daga tsakar gida a bar shi. Ya yafa mayafi a kan rigar, ya fita ƙirji a buɗe a ƙarƙashi. Likitan nan dai ne, da wata ma'aikaciyar jinya a gefe. Ya tambaye shi jiki. Na-gane ya buɗe baki, da sauƙi ta taso, ya haɗiye ta. Ya cire mayafin ya ce likita ya duba da kansa. Ya kama maɓalli na farko. Maɓallin ya zame. Ya sake kamawa, ya kai shi bakin rami, yatsun suka ƙi turawa. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan rigar. Ya yi ta yi har likitan ya ce ya isa.

"Matata ke sa min," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Kofi ma da hagu nake riƙewa. Wancan karon ƙarya na yi maka."

Likitan ya ce ba shi ne na farko ba. Ya sa aka yi gwajin jijiya, aka rubuta nakasa ta dindindin a sashen hannu. Kalmar da ya yi ta gudu ta kama shi, kuma bai ga kwano a gabansa ba. Abin da ake ba shi bai kai albashinsa na da ba, watannin rumfar mota kuma sun tafi ke nan. Daga baya manaja ya ba shi kujera kusa da ma'auni, yana duba kwaɓi da hagu, yana hana sababbin shiga share inji yana gudu. Wata rana da aka tashi cin abinci ya jera gwangwanaye uku a kan buhu, ya ce wa abokan aikinsa bayanin da ya yi musu a da su zubar da shi. Wani tsoho mai kula da tanderu ya ce dama sun sani, ba su dai so su kunyata shi ba ne. Na-gane ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ba a daɗe ba 'yar Gwaggo ta aiko a kai mata uwarta can inda take aure, gwiwar ta ƙi zaman kaɗaici. Na-gane ya raka ta tasha, ya riƙe mata ƙullin kaya da hagu, hannun dama a waje, rana na dukansa. Ta zauna kusa da taga. Ya tsaya yana neman yadda zai ce ta yafe masa maganar bokon nan ta shekarun baya, sai direba ya tayar da mota. Ta leƙo ta yafito shi da yatsa.

"Wancan kofin na mutuwa, har yanzu sunana ne a ciki, ko? To ka je ka cire. Ni ban yi niyyar jiranka ba. Ka sa sunan wadda ke sa maka maɓalli. In mai tabarau ta yi maka bayani ba ka gane ba, ka ce ta sake, bakinta ba ƙarewa zai yi ba."